Tambaya da Amsa: Wai man kariya daga rana yana shiga jini?

Tambaya: Salamu alaikum Tanti, ina wuni. Ni malamar makaranta ce a Tahoua, kullum bisa moto nike tahiya aiki, tun da na haihu sai baƙi-baƙi ya fito mini a kumatu da goshi. A farmasi an ce in dinga shafa kirim soler, wato man kariya daga rana, to sai ga wata murya ana ta turawa a WhatsApp wai akwai guba ciki tana shiga jini. Kuma ni baƙa ce, mi rana za ta yi mini? Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da maganar "ni baƙa ce", don ita nake yawan ji. E, baƙar fata tana da kariya daga Allah, ba ma saurin ƙonewa kamar Turawa, amma wannan tabon na kumatu da mata ke samu lokacin ciki ko bayan haihuwa rana ce ke ƙara masa duhu, kuma ke da kike bisa moto a ranar Tahoua ta watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ai ko wane magani aka ba ki in ba ki kare fuskar ba tabon zai dawo. Mai farmasin bai yi ƙarya ba.

Ita kuma muryar WhatsApp ɗin akwai ɗan gaskiya ciki amma an zuba mata gishiri da yawa. Man nan kashi biyu ne. Akwai mai sinadarin ma'adini, in kin juya bayan kwalbar za ki ga an rubuta zinc oxide ko titanium dioxide (wasu da Faransanci oxyde de zinc), waɗannan a saman fata suke zama. Akwai kuma masu oxybenzone, octinoxate, avobenzone, octocrylene da sauransu. A 2019 da 2020 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gwaji ta ga waɗannan na biyun suna ratsa fata su shiga jini, gaskiya ne. Amma ita kanta hukumar ta ce shigarsu jini ba yana nufin suna cutarwa ba, ta nemi kamfanoni su ƙara bincike ne, ba ta ce a daina shafawa ba. Wanda aka fi sa wa ido shi ne oxybenzone, wani lokaci benzophenone-3 ake rubuta shi, saboda ana zargin yana taɓa hormon, wato sinadaran da ke daidaita aikin jiki, kuma yana sa wasu ƙaiƙayi, Tarayyar Turai ma ta rage yawan da aka yarda a zuba. Masu cewa an hana shi a jihar Hawai ta Amurka daga 2021, e an hana, amma saboda murjanin teku ne, mu da ko teku ba mu da shi.

To in kina shayarwa kuma hankalinki bai kwanta ba, ki huta, ɗauki mai zinc oxide. Matsalarsa ɗaya, yana barin fari-fari a baƙar fata kamar kin yi wanka da toka, shi ya sa ki nemi mai launi wanda aka rubuta teinté, yana da iron oxides ciki, yana bin kalar fata kuma ya fi taimakawa a irin tabonki.

Lambar SPF kuma, wadda ke nuna ƙarfin kariyar man, kar ta ruɗe ki. SPF 30 yana tare wajen kashi 97 cikin 100 na UVB, wato hasken rana mai ƙona fata, SPF 50 wajen 98, bambancin kaɗan ne, kar ki zubar da kuɗi don an rubuta 100. Abin dubawa shi ne an rubuta UVA, wato ɗayan hasken ranar, a jikin kwalbar, a kayan Turai cikin ɗan da'ira yake, don shi ne ke shiga fata sosai yana sa tabo. Ki matso tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, ki sake bayan awa 2 in kina cikin rana ko kin yi zufa, in kin yi alwalar azahar ma ya tafi sai a sake.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba oxybenzone ba ne wallahi, shi ne man da ake sayarwa a tebur a kasuwa, ya wuni cikin rana, an rubuta SPF a gaba kuma an ce yana "haskaka fata". Irin waɗannan sau da yawa man bilicin ne, da hydroquinone ko clobetasol ko ma mercure ciki, suna sirantar da fata rana ta ƙara cin ta. Ki saya a farmasi, ki duba ranar lalacewa, kar ki bar shi cikin akwatin moto. Man kaɗanya yana da kyau don laushi amma ba ya maye gurbin wannan.

Jaririnki kuwa in bai kai wata 6 ba kar ki shafa masa, inuwa da tufa sun isa. In tabon bai ragu ba bayan ƴan watanni ki je likitan fata ya duba.