Amsa ga mai son barin ofishin makaranta ta koma renon yara

Malama, kin ce shekara shida kina ofishin makaranta kina fama da rajistar ɗalibai da rasidin kuɗin makaranta, yanzu an yi miki tayin aiki a gidan renon yara, kina shawarar ko ki ajiye.

Ni ma na taɓa yin haka, wata takwas na yi na dawo. Ba yaran na tsana ba, wallahi har yau ina kewar wata 'yar shekara biyu da ba ta barci sai ta damƙe gefen hijabina. Jikina ne ya gaza. A ofis in kin gaji kya rufe fayil ki yi sallah a natse. Can kuwa wannan na kuka, wancan ya ɓata wando, uwar wani ba ta zo ba har magariba, kuma in yaro ya ƙuje gwiwa ke za a tuhuma.

Kafin ki miƙa takardar ajiye aiki, ki tambayi masu gidan renon batun fansho. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, amma ta fi ɗaure masu ma'aikata 15 zuwa sama, gidan reno kuwa sau da yawa bai kai haka ba. Ki ji ko ana biyan albashi lokacin hutu, da yara nawa za a ɗora miki.

In har ranki na wajen yaran, ki fara gwadawa a dogon hutu tukuna. In kuma kika yi NCE ta ilimin ƙananan yara, ajin nazare na makarantarku ma zai iya karɓarki.