Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Ina Kuɗin Kwatar Unguwarmu a Cikin Kasafin Kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dai mai sayar da kayan miya ce a wata unguwa cikin birnin Kano, duk shekara muna jin rediyo ana cewa an gabatar da kasafin kuɗi na biliyan kaza, an ware wa ilimi kaza, lafiya kaza, amma kwatar da ta ratsa layinmu shekara huɗu kenan duk damina sai ta shigo mana gida. Wai shi wannan bajat ɗin da mu ake yinsa ko kuwa takarda ce kawai? Kuma ina talaka zai ga nasa a ciki? Daga wata Hajiya mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya kawo sauƙi, ruwan kwata a tsakar gida ba abin wasa ba ne.

Abu na farko da ya kamata ki sani, shi birnin Kano ba shi da wani kasafi guda ɗaya nasa na kansa. Abin da muke kira cikin gari ƙananan hukumomi takwas ne, Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, kowacce da ciyaman ɗinta da kansiloli da nata kasafin, sannan ga na gwamnatin jiha a sama. To kwatar layinku tana iya faɗawa a ɗaya daga cikinsu, tana kuma iya faɗawa a tsakani, kowa ya ce na wancan ne, ai kin san tuwon gidan yawa.

Kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya duk wata, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Shekara da shekaru rabon ƙananan hukumomi sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, daga nan ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da alawus ɗin masarautu, kafin abin da ya rage ya iso hannun ciyaman, wani lokacin ma abin da ya rage ɗin bai taka kara ya karya ba. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a dinga tura musu kuɗinsu kai tsaye, sai dai hukunci daban aiwatarwa daban.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Lambar da ake faɗa a rediyo alkawari ce kawai. Kasafin Kano na 2025 da gwamna ya kai majalisa ya kai naira biliyan 549, ilimi aka ba kashi 31, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ya zarce kashi 15 zuwa 20 da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke ba da shawara, kuma ya nuna inda gwamnati ta ce hankalinta yake. Amma ni idan ina so in san abin da gwamnati ta damu da shi da gaske ba jawabin ranar gabatarwa nake saurara ba, rahoton aiwatar da kasafi nake nema, wanda jihohi ke fitarwa duk bayan wata uku a shafinsu na intanet. A nan za ki ga aikin da aka ware wa miliyan ɗari an saki miliyan goma, wani kuma ko kwabo, alhali kuɗin tafiye-tafiye da sayen motoci sun fita cas. Kasafi kashi biyu ne, na ayyukan yau da kullum wato albashi da man mota da takardu, da na manyan ayyuka wato titi, kwalbati, rijiyar burtsatse, kuma idan kuɗi suka yi ƙasa na biyun ake fara yanka, kwatarku kuwa can take zaune.

Akwai garin da suka gaji da irin wannan, Porto Alegre a ƙasar Brazil, tun 1989 suka fara tara mutanen unguwanni su zauna su jera abin da suke so a fara yi da wani kaso na kuɗin gari, kuma abin da talakawan can suka dinga zaɓa ruwan famfo ne da magudana da gyaran layi, irin kukanki sak.

Shawarata, kada ki tafi ke kaɗai. Ku haɗu da mai unguwa da ƙungiyar matasan layi ku rubuta takarda da hotunan ambaliyar, ku kai wa kansilanku da ɗan majalisar jiha na yankinku kafin watan Satumba, tun ba a gama haɗa lissafin shekara mai zuwa ba, in kun bari sai an karanta a majalisa to an gama dahuwa. Ku nemi a sa aikin da sunan layinku ƙarara, saboda aikin da aka rubuta "gyaran magudanun ruwa a sassan jiha" kowa ma zai iya cinye shi. In ya shiga, ku kai wa Tracka ta ƙungiyar BudgIT, aikinsu kenan bin sawun ayyukan da aka sa a kasafi, sannan ku ajiye kwafin takardar da aka buga mata hatimin karɓa.