Yaro mai otizim zai iya tsayawa da ƙafarsa?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 4 ba ya kallon ido, ba ya zama wuri ɗaya, dangi na cewa allurar rigakafi ce ta jawo, kina kuma tambaya ko zai zama mutum. Allah ya ba shi lafiya. Otizim larura ce ta ci gaban ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane.

Maganar rigakafi ki cire ta daga ranki. Asalinta wani rahoto ne da wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield, ya buga a mujallar likitanci ta Lancet a 1998, kan yara 12 kacal, mujallar kuma ta janye shi a 2010. A Denmak an bibiyi yara sama da 650,000, ba a ga alaƙa tsakanin rigakafi da otizim ba. Bincike kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, a otizim da kuma larurar rashin natsuwa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne aikin Emmy Werner, masaniyar halayyar yara, a tsibirin Kauai na Amurka. Ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi cikin talauci da rigimar gida, kusan kashi ɗaya bisa uku sun zama mutane masu kamun kai. Kusan dukkansu suna da babba guda, kaka ko malami, da bai yi watsi da su ba. Ba kan otizim ta yi aikin ba, amma darasin ya shafe ki.

Ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwar yara da wuri. Kafin nan, in yana jera murafen kwalba, zauna kusa da shi ki jera naki, kina faɗin sunan kowane launi.