Me zan rubuta idan babu abin da ya faru?

Ka ce ka sayi littafin rubuta al'amuranka na kullum, amma da ka buɗe sai ka rasa ta inda za ka fara. Ina ganin babban labari kake jira. Sa kwanan wata kawai, ka rubuta abu ɗaya da ya tsaya maka a rai, ko da baƙar maganar da aka yaɓa maka ce da safe. Sai ka tambayi kanka: me ya sa ta yi mini zafi haka? Minti 10 sun isa. Kada ka goge komai, ai ba malami zai duba ba. Ni sai bayan wata uku nake waiwaye, in ga damuwar da nake ta nanatawa, wani lokacin har in tsinci baitin waƙa.