Ƙarƙashin mangwarona ya ƙi ciyawa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da bishiyoyin mangwaro a bayan gida nan Zariya, ƙarƙashinsu fayau, da hunturu ƙura da damina taɓo. Na dasa kirikiri na yi ta ban ruwa amma ya yi ja ya mutu. Don Allah me zan shuka ya rufe ƙasar?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kirikiri ɗan rana ne, shi ya sa kike ganinsa a filin ƙwallo, inuwar mangwaro kuwa ta yi masa duhu ga saiwoyi suna shanye ruwan, ko tanka guda kika juye masa ba zai yi ba.

Ni dai shawarata ki nemi balasa. Eh, wannan dai da manoma ke kuka da ita wajen noma, mai ganye lallausa da ɗan fure shuɗi da yake buɗewa da safe kafin azahar ya yanƙwane. Tamu ce ta gida, tana son laima da inuwa, kuma abin da ya sa manomi ya tsane ta shi ne zai miki amfani, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, har a cikin ƙasa take yin iri.

Ki bari ruwa ya zauna wajen watan Yuni, ki samo rassanta a bakin lambu ko fadama, ki yanka kowane da gaɓa 2 ko 3, ki kwantar ki ɗan rufe da ƙasa, tazarar kamu ɗaya. Kar a sa fartanya da zurfi don saiwar mangwaron, a barbaɗa ruɓaɓɓen taki a sama kawai, a bar gindin bishiyar fili, sannan a sassabe rassan ƙasa haske ya ɗan riƙa ratsowa domin ko ita ba ta son duhu ƙirin.

Amma fa ki yi mata iyaka da bulo, in kina da fangalin alayyahu kusa wallahi sai ta mamaye shi. Ki riƙa rage mata tsawo saboda sauro da macizai, abin da kika yanka ki zuba wa awaki ko zomaye, suna ci sosai. Da rani in ba ban ruwa za ta bushe, kar ki damu ki bar busasshen ganyen mangwaron ya rufe wurin, ruwan fari na sauka irin da ke ƙasa zai tsiro.