Amsoshin Tambayoyinku: Gundumar Lamu ta Ƙasar Kenya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne, ina koyar da labarin ƙasa. Na ji a rediyo ana maganar sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu a Kenya, wata rana kuma na ji an ce an kai hari a Lamu, sai ga wani abokina yana cewa Lamu tsibiri ne da babu mota sai jakuna. Shin duk wuri ɗaya ake nufi? Ina son sanin tarihin wurin da yanayinsa da yadda ake mulkinsa, don in yi wa ɗalibaina bayani. Daga mai karatunku a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da ladan ɗawainiyar yara. Duk abin da ka ji gaskiya ne, sai dai kowane labari daga wani sashe na gundumar ya fito. Lamu ɗaya ce daga cikin gundumomi 47 na Kenya, tana can ƙarshen gaɓar tekun ƙasar ta arewa, ta yi iyaka da Somaliya da gundumomin Garissa da Tana River, sauran kuma Tekun Indiya ne. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 6,000. A ƙidayar 2019 an samu mutum 143,920 a cikinta, wato babu gundumar da ta kai ta ƙarancin jama'a a duk Kenya.

Ka fara da raba wa yaranka ita gida biyu a kan allo. Akwai tsibirai: Lamu, Manda, Pate, Ndau da Kiwayu. Sannan akwai tudu, wanda shi ne mafi girman ƙasar gundumar, inda garuruwan Mokowe, Hindi, Mpeketoni, Witu da Kiunga suke, da dajin Boni da ya miƙe har bakin iyaka. Jakunan abokinka a tsibirin Lamu suke. Tashar jiragen ruwa tana Kililana, a kan tudu, daura da tsibirin Manda. Hare-haren kuma galibinsu a kan tudu ne, kusa da dajin.

Lokacin da na je, jirgin sama a Manda ya sauke mu, muka shiga kwale-kwale mai inji ya tsallakar da mu cikin 'yan mintoci. Tsohon garin da dutsen murjani aka gina shi, rufin ɗakuna kuma da azarar mikoko, wani itace da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Tsawon azarar nan shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan suke dogaye amma tsukakku. Lungunan sai ka ce na cikin birnin Kano, har sun fi su matsi. Na ga jaki ɗauke da mangala cike da tubalan murjani ya shigo wani lungu, yaron da ke kora shi bai ce uffan ba, dukanmu muka manne da bango har ya wuce, gefen mangalar na gogar farin bangon yana barin zane. Mota ba ta da inda za ta bi a nan. Babura dai sun shigo bakin teku a shekarun baya-bayan nan, kuma dattawan garin ba su ji daɗin hakan ba. A 2001 UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Tarihin wurin iska ce ta kafa shi, don haka bari in haɗa maka shi da yanayi. Daga Disamba zuwa Maris iskar Kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ita ke kawo jiragen katako daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba sai Kusi ta juyo daga kudu, ta mayar da su gida ɗauke da hauren giwa da azarar mikoko, da bayi, abin da bai kamata a ɓoye wa ɗalibai ba. Ɗan kasuwar da ya zo dole ya zauna watanni yana jiran iska ta juya, a nan aure da addini da harshe suka cakuɗa. A Shanga, a tsibirin Pate, masu tonon kayan tarihi sun gano burbushin masallatai da suka faro tun wajen ƙarshen ƙarni na 8, suna daga cikin mafiya daɗewa da aka sani a Gabashin Afirka.

Babbar damina tana sauka daga Afrilu zuwa Yuni, ta fi ƙarfi a Mayu, sai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Zafi ba ya kai na Sakkwato a ma'auni, da wuya ya wuce digiri 33, amma laimar teku ba ta barin gumi ya bushe, musamman a Maris. Lokacin Kusi teku yakan yi haushi, masu ƙananan jirage su rage fita kamun kifi, abin sawa a baka ya yi wuya. Babbar matsala kuwa ruwan sha ce. Garin Lamu ya dogara ne da rijiyoyin da ke ƙarƙashin tuddan rairayi na Shela, waɗanda ke riƙe ruwan sama. A Pate da ƙauyukan gabas rijiyoyi da dama sun yi gishiri, mutane sai su tara ruwan sama a manyan ramukan siminti da suke kira jabiya, in ya ƙare kafin damina sai saye. Garin Takwa na tsibirin Manda ya zama kufai tun ƙarni na 17, kuma lalacewar ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa.

Turawan Fotugal sun iso farkon ƙarni na 16, Larabawan Oman suka kore su daga Mombasa a 1698. Da can Pate ce uwa a yankin. Wajen 1812 mutanen Lamu suka karya rundunar Pate da ta Mazrui, zuriyar Larabawan Oman masu mulkin Mombasa, a bakin tekun Shela, sannan suka nemi kariyar Sarkin Oman Sayyid Sa'id. Babban gidan yaƙin da ke tsakiyar gari an kammala shi a 1821. Jamus ta riƙe Witu daga 1885 zuwa 1890, ta miƙa wa Birtaniya. Abubuwa biyu suka durƙusar da arzikin Lamu bayan nan: layin dogo da aka ja daga Mombasa ya janye fatauci can, haramta bauta a 1907 kuma ya bar gonakin attajirai ba masu noma.

Mulkin yanzu daga kundin tsarin mulkin 2010 ya samo asali, ya fara aiki bayan zaɓen Maris 2013. Gunduma tana da zaɓaɓɓen gwamna mai wa'adin shekara biyar sau biyu, da majalisarta. Lamu na da mazaɓu goma na majalisar gunduma, da kujeru biyu a majalisar ƙasa, Lamu ta Gabas da Lamu ta Yamma, ga sanata ɗaya da wakiliyar mata ɗaya. Issa Timamy ne gwamna na farko, Fahim Twaha ya kayar da shi a 2017, shi kuma ya dawo a 2022. Ofisoshin gunduma suna Mokowe. Asibitoci, noma, kiwo, kasuwanni, ƙananan hanyoyi da makarantun share fage suna hannun gwamna, kuma kundin ya wajabta a ba gundumomi aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Tsaro da manyan ayyuka kuwa suna Nairobi, wadda ke naɗa nata kwamishinan gunduma.

A nan nake so ka daɗe da ɗalibanka, domin ni a ganina duk rigimar Lamu maganar ƙasa ce da wanda ke da ta cewa a kanta. Bayan samun 'yanci a 1963, yawancin filayen yankin a matsayin na gwamnati aka ɗauke su. Al'ummomin Bajuni da Suwahili da Aweer na dajin Boni, waɗanda kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru a wurin, da yawansu ba su da takardar mallaka ko ɗaya. A shekarun 1970 gwamnatin Jomo Kenyatta ta tsugunar da manoma a Mpeketoni, galibinsu Kikuyu daga tsakiyar ƙasar, aka yanka musu gonaki. Sun yi aiki tuƙuru, su ke noma masara da auduga da yazawa da riɗi, kuma ba laifinsu ba ne da aka kawo su. Amma mai takarda da marar takarda sun zama maƙwabta, ɗaya Kirista ɗaya Musulmi, ga makiyaya Orma da Somali na gangarowa da shanu lokacin fari. Al-Shabaab, ƙungiyar 'yan bindiga ta Somaliya, ta san da wannan ɓaraka. A Yunin 2014 aka kashe mutum sama da 60 a Mpeketoni da kewaye, kisan da babu wani uzuri da zai wanke shi. Makonni bayan haka Shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da umarnin soke takardun fili kimanin eka 500,000 da aka raba wa kamfanoni 22. Ka duba girman wannan fili, sannan ka tuna yawan mutanen gundumar.

Tashar jiragen ruwan ma daga sama ta sauko. A 2012 shugabannin Kenya da Habasha da Sudan ta Kudu suka aza harsashin shirin LAPSSET, wato shirin haɗa ƙasashen uku da hanyoyin sufuri daga tashar Lamu, wani kamfanin ƙasar Sin ya yi ginin tashar, aka buɗe matsaya ta farko a Mayun 2021. Ba na ƙin aikin, yanki irin wannan yana bukatar hanya da sana'a. Sai dai yashe teku ya ɓata wuraren kamun kifi, masunta suka garzaya kotu, a 2018 aka yanke a biya mutum sama da 4,000 diyyar shilin biliyan 1.76, shekaru kuma suka yi ta wucewa ana jayayya kan jerin sunaye. Mutanen gari da ƙungiyar Save Lamu su ne kuma suka kai ƙarar tashar lantarki ta kwal da aka so ginawa a Kwasasi, kotun muhalli ta soke lasisinta a Yunin 2019 saboda ba a saurari jama'a yadda doka ta ce ba.

Tambaya: Malam, gaskiya ne ana babban Mauludi a can? Mace za ta iya zuwa lafiya? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne Hajiya. Habib Saleh, wani sharifi ɗan asalin tsibiran Komoros, shi ya kafa masallacin Riyadha da makarantarsa a ƙarshen ƙarni na 19, ya buɗe ƙofar karatu ga talakawa da 'ya'yan bayi a lokacin da manyan gari ke ƙyamar haka. Ana taron a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal, baƙi na zuwa daga ko'ina a Gabashin Afirka, ana musabaƙar Alƙur'ani da bege da ganga, da tseren jakuna da na jiragen ruwa, sannan a yi jerin gwano zuwa kabarinsa. Mutanen wurin 'yan mazhabar Shafi'i ne, za ki ga ɗan bambanci a sallarsu. Mata na halarta da yawa, kuma shigarki ta gida ta wadatar. Shawarata ki hau jirgin sama daga Nairobi ko Mombasa zuwa Manda maimakon bin hanyar mota ta Garsen da Witu, wadda ke ratsa gefen daji, kuma ki nemi masauki da wuri, domin a makon nan ɗakunan garin kan ƙare.