Amsa ga mai tambaya kan ruwa da ɓarayi a ƙauyukan arewacin Daura

Wa alaikumus salam. Malam, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don ba abin amsawa a tsaitsaye ba ne. Ka ce an yi maka tayin fili a wani ƙauye arewa da Daura, ta wajen Mai'adua, kana so ka gina ka kai iyali. Kana tambaya ko ruwa na ɓarna a can tunda ƙasa ce mai rairayi a bakin hamada, sannan yaya sha'anin ɓarayi yake. Shekarata 16 a wani ƙauye na ƙasar Daura, aikin koyarwa ya kai ni har na zama ɗan gari, kuma abubuwan nan biyu duk sun taɓa ni a dare ɗaya.

Wasu sun riga sun ce maka "ai can ruwa ma nemansa ake yi". Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Ruwan da ke sauka a yankin nan a shekara bai wuce wajen milimita 600 ba, sai dai kusan duk a wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta. Jigawa na shanye ruwa, haka ne, amma ba ko'ina ba ne jigawa. Akwai faƙo, inda ƙasa ta daskare kamar daɓe, ɗigo ɗaya ba ya shiga. An sare itatuwa, an tuge sabara da kalgo, babu abin da zai tare gudunsa. Sai ya taru daga gonakin tudu, ya bi burtali da hanyar amalanke tunda sun zaizaye sun yi ƙasa, ya faɗo cikin gari lokaci guda. Ka tuna Jibiya a watan Yulin 2018. Ruwan dare ɗaya ne, mutane na barci, aka rasa rayuka sama da 40 da ɗaruruwan gidaje. Jibiya ma ai ba dausayi ba ce.

Ni a watan Maris na sayi filina. Shimfiɗaɗɗe, fari tas, ga araha. Ranar da ake haƙa harsashi wata tsohuwa maƙwabciya ta tsaya da sandarta ta ce, "Malam, nan fa makwancin ruwa ne, a nan muka yi wanka muna yara." Na gode mata, na ci gaba da aiki. Ashe tsohon kududdufi ne da aka cike da shara da ƙasa. Damina biyu lafiya lau, har na manta da maganarta.

A ta uku, cikin marka, hadari ya haɗo daga gabas bayan la'asar, baƙi ƙirin. Iska ta fara, sannan ruwa ya kece bayan isha'i bai ɗauke ba. Wajen ƙarfe biyu uwargida ta tashe ni, na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa mai sanyi har idon sawu. Na haska tocila, ga buta da takalman yara suna yawo a tsakar ɗaki. Muna cikin kwashe yara muka ji katangar baya ta zube, rim, kamar an sauke lodin tipa. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa, wannan ka riƙe shi da kyau. Sama na nan garau, amma in tubalin ƙasa ya jiƙa ya narke, duka take tahowa. Masai ma ya rufta. Muka goya yara zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, muka tarar gidaje kusan goma sun riga mu.

Da gari ya waye na koma. Babu awaki biyu, babu tunkiyar uwargida, babu batirin sola. Da farko na ɗauka ruwa ne ya tafi da dabbobin, sai na duba turke na ga igiyoyin yankakku ne da wuƙa.

A nan na gane tambayoyinka biyu tambaya ɗaya ce. Da rani ɓarawo na tsoron rairayi, domin akwai dattawan da za su bi sawu tun daga turke har ƙofar gidan da aka shiga. Daren ruwa kuwa sawu na gogewa kafin asuba. Ƙarar ruwa a kan kwano ba ta bari ka ji kukan akuya. Kare ya laɓe, masu sintiri sun fake a rumfa, katanga ta faɗi, masu gida sun gudu tudu. Ga shi kuma Agusta lokacin ƙunci ne: rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kuɗi sun tafi a taki da noma.

To, kan fili, shawarata guda ce babba: kada ka saya da rani. Ka je ka gan shi cikin Agusta, da safe bayan an kwana ana ruwa. In ba za ka iya jira ba, ƙasa na da alamunta. Dubi katangun maƙwabta, za ka ga layin da ruwa ya tsaya ya bar tabo. Dubi gindin itatuwa, in ka ga kara da leda sun maƙale ta gefe ɗaya, hanyar ruwa ce. In ƙasar baƙa ce mai tsattsagewa, ruwa na kwana. Kuma ka tambayi tsofaffin mata da yara masu kiwo, su suka san inda kwaɗi ke kuka. Dillali so yake a yi ciniki. Ka lura da titi ma. In an ɗaga sabon titi ya fi gari tsawo, kwalbatinsa kuma ƙarama ce, rairayi da leda na toshe ta, titin ya koma madatsa, ruwan ya dawo kan gidajen da ke gefen da yake fitowa.

Wajen gini, ko da na ƙasa za ka yi, ka sa layi uku ko huɗu na bulo da siminti a gindi, ka yi ciko ɗakuna su fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi waje. Indararo ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da bango. Yaɓe kuma a gama shi kafin ruwan farko. Masai ya yi nesa da rijiya, don bayan ambaliya abin da ke biyowa shi ne amai da gudawa da zazzaɓin sauro, mu ma sai da yara biyu suka kwanta. Sannan kada ka kare gidanka ta hanyar juya wa maƙwabci ruwa. Na ga zumuncin shekara talatin ya lalace a kan buhunan ƙasa biyar da wani ya jera cikin dare. Mu yanzu duk watan Mayu mai unguwa na sa a yi shela, a fito gayya da shebur da baro a yashe hanyar ruwa tun daga bakin gari har fadama. Wuni ɗaya ne, mata su dama kunu. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa ana jin sa a rediyo, ka riƙa saurara. In ɓarna ta auku, mai unguwa ke rubuta sunaye a kai ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, amma daren farko maƙwabta ne za su ɗauke ka.

Batun tsaro kuwa, a raba abu biyu. Ta'asar 'yan bindiga ta fi ƙarfi a yamma da kudancin jihar Katsina, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, kuma saboda su ne gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Ɓangaren Daura Allah ya sassauta mana wannan, muna roƙon ya ɗore. Abin da ke damunmu ƙananan sace-sace ne masu cin rai: akuya, kaji, waya a wurin caji, babur a ƙofar masallaci, farantin sola, sumo na rijiyar burtsatse, damin gero a gona lokacin kaka. Gab da babbar Sallah kuma raguna. Iyakar Nijar na kusa, Kwangwalam ga ta nan, ga manyan kasuwannin dabbobi irin ta Mai'adua. Dabbar da aka kwance da dare tana iya canja hannu uku kafin azahar. Don haka ka yi wa dabbobinka shaida a kunne, ka ɗauki hotonsu a waya, kuma in an yi maka sata kada ka tsaya jimami, a aika wa sarkin kasuwa da dillalai tun da sassafe.

Ta haka aka gano tunkiyarmu. Wani dillali ya ga tsagar kunnen ya riƙe ta. Da aka bi diddigi, ni na so a ce baƙo ne, don tun da safe mutane ke nuna rugar da ke bayan gari da baki. Ashe yaron unguwarmu ne, na koyar da shi a aji huɗu, sahu ɗaya muke sallah da mahaifinsa. Shaye-shaye ya faɗa, ƙwaya da sholisho, shi ya nuna wa abokansa na wani gari gidajen da aka bari. Sai da ɗan gari kan ci gari. Ranar matasa sun taru da sanduna, da ƙyar liman da mai unguwa suka shige da shi zaure suka rufe. Har yau in na tuna fuskar uban nan a gaban dagaci, dattijo yana share hawaye da bakin rawani, sai in ji awakin sun fita raina. Ya biya ni bayan kaka, kaɗan-kaɗan. Ina roƙonka, duk inda ka zauna, kada ka sa hannu a dukan wanda ake zargi. An sha kashe marar laifi a kan ihu ɗaya. Kuma da mun bi zargin farko, da mun ɗauki alhakin Fulanin da muke sayen nono a wurinsu shekara da shekaru.

Bayan wannan muka gyara sintirinmu. Kowane gida na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, aka sayi tocila da usur da rigunan ruwa, aka kai sunayen masu sintiri wurin dagaci da ofishin 'yan sanda don kada su zama hukuma da kansu. Dokar da ta fi amfani ita ce ta daren hadari: in ruwa ya yi ƙarfi ba a fakewa, mutum huɗu na zagaye, biyu na duba hanyar ruwa su tashi gidajen kwari, biyu na duba turaku. In an kwashe mutane zuwa tudu, a bar maza a unguwa. Ba a daina sata ƙaf ba, bara ma an ɗauke wa wani babur, amma ba a sake kwashe gidan da ruwa ya kora ba.

In ka tare, ka fara da gaida mai unguwa da liman, ka shiga gayya da jana'iza da kuɗin sintiri tun watan farko. Doguwar katanga da ƙofar ƙarfe suna da amfaninsu, amma baƙon da ba a san shi ba ko ya yi ihu, mutane sai sun tsaya tambayar gidan wa ne.

Yanzu dai ka ce wa mai filin ya yi maka haƙuri zuwa marka. In ya matsa lallai sai an biya kafin ruwa ya sauka, ka tambaye shi dalili a gaban mai unguwa. Ranar da za ka je dubawa ka sa takalmin roba, ka isa kafin hantsi, tun ƙasa ba ta tsotse ba.